Auta, Ka Sauke Bidiyon Maginan Nan

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya a Damagaram, kai da maiɗakinka. Na kira ka sau huɗu ba ka ɗauka ba, shi ya sa na rubuta a nan inda kowa zai gani. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san da furfura na shiga ajin yaƙi da jahilci.

Na san halin da kake ciki. Shekara bakwai kana gidan rediyo, sai 'yan kasuwa suka kwashe tallarsu suka kai cikin waya, aka sallame ku. Ka ce mini wanda kake yi wa aiki yanzu ba ruwansa da amfanin labari, yawan masu kallo kawai yake dubawa. Ban ga laifinka ba don ka nemi abinci.

Da ka zo nan Tamanrasset ta ƙasar Aljeriya bayan Sallah, Isufu mijin Hajara maƙwabciyata ya kai ka inda suke gini a hanyar Abalessa. Suka dafa maka shayi, suka saki jiki a gaban wayarka don kai ɗana ne. Ba ka rufe fuskar kowa ba. Ka rubuta a sama cewa ga 'yan ƙasarmu da ke aiki ba takarda.

A rediyo mutum yakan faɗi damuwarsa ya koma gida, ba wanda ya san kamanninsa. Waya ba haka take ba, Auta.

Na zauna a rumfata ina haɗa baƙi ɗaya-ɗaya, na karanta abin da mutane suke rubutawa a ƙasan bidiyon. Wani har sunan unguwarmu ya sa. Tun ranar abinci ba ya yi mini daɗi.

Yau kwana tara Isufu bai fita aiki ba. In mota ta tsaya a ƙofa, sai ya ɗauka jandarma ne suka zo kama shi. 'Ya'yansa uku suna makarantar lekkol a nan. In aka kwashe shi zuwa iyaka, wa zai riƙe su? Jiya dai Hajara ta zo sayen tumatir, ta wuce ni ta tsaya a rumfar gaba.

Marigayi babanka yakan ce, abin da ka gani a gidan da aka ba ka ruwa, ka bar shi a gidan.

Ka sauke shi, ɗana. An ce wasu sun riga sun kwafa, to kai ka sauke naka. In maigidanka ya kore ka, ka taho da matarka, rumfar nan za ta ciyar da mu. Sannan ka kira Isufu da kanka, kada ka aiko ni.

Allah Ya rufa wa Isufu asiri, Ya buɗa maka hanyar abincin da ba hawayen kowa a cikinsa. Amin.

Wayata tana hannuna.

Innarka,
Rakiya mai tumatir