Fom Ɗin Da Na Cika Sau Biyu

Edmonton, Landan
9 ga Maris

Zuwa ga Yayata Hindu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da Abban Affan da yara. Yaya ƙafar Umma? Ki ce mata man zafinta yana hanya, Kawu Labaran zai taho da shi idan gidan rediyo sun ba shi hutu.

Kada ki yi mini dariya don na koma biro da takarda ina ɗaukar hoto ina turowa. Flat ɗinmu ciki da falo ne, in na yi miki saƙon murya har numfashina maigidana Soja yana ji, kuma maganar yau a kansa take.

Yaya, albishirinki! Ya daina zuwa therapy. Kin san tun da ya bar sojan Birtaniya, bayan abin da ya same su a Afghanistan, duk Talata yana zuwa wajen wata likita su zauna awa guda ana tona abin da ya wuce. In ya dawo fuska a murtuke, ko tuwo na tuƙa sai dai ya kalle shi. To makonni uku da suka wuce ya shirya tsaf, ya kai bakin ƙofa, sai ya tsaya. Ya ce ya gaji da yashe rijiyar da aka riga aka cike. Ya kira su ya yi cancel, ya juyo ya ce in ɗauko mayafina.

Kasuwar Lewisham ya kai ni! Muka sayi doya da busasshen kifi, ya tsaya yana taya ni ciniki da Hausarsa ta Kumasi har mai kifin ta ƙara mana biyu don dariya. Ya saya mini 'yan kunne masu shuɗin dutse. Yanzu kullum bayan la'asar in mun sauko daga bas ba ma bin babban titi, sai ya ja hannuna mu zagaya ta cikin lambu, hanya mai nisa, muna tafe a hankali kamar waɗanda ba su da tukunya a kan wuta.

Na san me za ki ce, littattafai sun cinye mini kai. Amma ki faɗa mini, ba haka ake yi ba? Jarumi mai tabo a zuciya, likitoci sun yi sun gaji, sai Allah ya kawo wata 'yar Gwammaja mai haƙuri da iya miya. Shekara biyu kacal, Yaya. Ni ce nan.

Anti Fusena ce kawai, yayarsa ta Dagenham, ta so ta zuba mini ruwan sanyi a waya, wai benefit fa? Kin san da kuɗin lalurar nan da ake ba shi muke riƙe da gida, su ne suka raba shi da aikin gadi a babban kantin da ya taɓa yanke jiki ya faɗi a tsakiyar jama'a. Na ce mata wanda ya ba da lafiya ba zai hana abinci ba.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Badariyya


Edmonton
2 ga Afrilu

Yayata ta kaina,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan zazzaɓin Affan ya sauka. Na ga saƙonki, har da hoton fuskar nan mai harara, na kuma yafe.

Ambulan mai ruwan ƙasa ta iso, da sunansa ɓaro-ɓaro, Abdul-Hafiz Saani. Review ne. Lokaci-lokaci suna sake duba ko mutum yana nan yadda yake, sai ga shi ya faɗo daidai lokacin da ya bar likita. Fom ne mai kauri kamar littafi na ɗaya da na biyu a haɗe. Ya ɗora shi a kan firij, kwana huɗu ko kallonsa bai yi ba. Sai na ɗauka na ce yau ranar Turancina ce.

Yaya, in kin ga tambayoyin! Yana iya dafa abinci? Yana iya fita shi kaɗai? Yana iya shiga mutane? Yana wanka ko sai an tuna masa? Wani baƙo da ban taɓa gani ba yana tambayata wankan mijina! Nan take na tuna abin da Umma ta ce ranar da za a kai ni, mace suturar mijinta ce, ko wuƙa aka sa miki kada a ji aibinsa a bakinki. Na gyara zama na rubuta musu cewa mijina jarumi ne, yana zuwa kasuwa, yana raha, yana kai ni yawo, kuma ya bar asibiti ne da ƙafarsa don ya samu sauƙi. Har wajen da aka ce a ƙara bayani na cika, na juya baya. Da na karanta sai da na ji ƙwalla don daɗi.

Ranar Lahadi Anti Fusena ta zo da kular wake da shinkafa da shito, soyayyen yajinsu na Gana. Na miƙa mata fom ɗin ina jiran yabo. Ta karanta shafi uku ta ajiye cokali. Kin san Hausar mutanen Kumasi ba ta bambanta “ke” da “kai”. Ta ce, “Kai amarya, wannan fom ne ko wasiƙar soyayya? In ka aika wannan, wata mai zuwa ƙanina yana tsaye ƙofar kanti da rigar gadi.” Shawararta wai ya koma wajen likitar ko da zama ne kawai, ya riƙa gyaɗa kai, a samu takarda.

Soja ya ce shi ba ɗan wasan kwaikwayo ba ne. Bai yi ƙarya ya samu ba, ba zai yi ƙarya ya riƙe ba. In sun yanke su yanke, zai koma gadi. Maganar ta burge ni ƙwarai, irin ta jarumai ce sak. Sai dai da ya ce gadi, shayin hannunsa ya zube a kan wandonsa, ya yi kamar bai gani ba, ni ma na yi kamar ban gani ba.

Ƙarshen wata ne wa'adin mayar da fom. Gobe za mu ofishin wata ƙungiya mai taimakon tsofaffin sojoji, Anti ce ta yi mana booking. Na tabbata in suka karanta nawa za su ba ni gaskiya.

Taki,
Badariyya


Edmonton
21 ga Afrilu

Yaya Hindu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Umma. Wannan wasiƙar ke kaɗai, ki karanta ki goge.

Ba su ba ni gaskiya ba. Wanda muka samu sunansa Zion, shi ma tsohon soja ne, da na'urar ji a kunne ɗaya. Ya karanta fom ɗina har ƙarshe, ya ce da matarsa za ta rubuta masa irin wannan da ya sa a firam. Sannan ya ce barin therapy shi kaɗai ba lallai ya yanke benefit ba. Matsalar ita ce babu sabuwar takardar likita, don haka abin da muka rubuta shi ne zai yi magana, kuma yadda mutum yake a yawancin kwanakinsa ake tambaya, ba ranar da ya fi kowa walwala ba. Ya nemo mana sabon fom, ya ce in samu littafi in yi mako biyu ina rubuta abin da idona ya gani kawai, ban da abin da zuciyata ta fassara.

Ni kuwa murna, an ce in rubuta littafi! Na sayi mai bango ruwan hoda.

Rana ta farko na rubuta cewa kafin in kunna injin markaɗe na leƙa falo na gaya masa. Sai na tsaya ina kallon layin. Yaushe na fara haka? Ban sani ba. Rana ta biyu motar shara ta saki ƙarfenta a ƙasa da safe, na same shi a durƙushe tsakanin gado da bango, na zauna kusa da shi ina ba shi labarin bikin ƙawata Nimatu har ya dawo. A da ina kiran wannan hirar safe. Ni ce nake fara shiga ko'ina in duba masa kujerar da ta jingina da bango. Ni ce nake kunna murhu, bai taɓa ba. In ban ajiye masa tawul a hannu ba, kwana uku sai su wuce. Bayan Lewisham ɗin da na cika ki da labarinsa, kwana biyu ya yi bai fito daga ɗaki ba. Na sani, Yaya, ina gidan. Na dai tsallake shafin ne.

Ranar Juma'a bayan an sauko na ce wa Soja sai ya ji abin da na cika a sabon fom kafin ya sa hannu. Na karanta masa, ji nake kamar ina tuɓe shi a tsakiyar kasuwar Kwari. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce akwai saura. Lambun nan da muke zagayawa, hayaƙin gasa naman Turkawan babban titi yake gudu, ƙaurin yana mayar da shi cikin motar da ta kama da wuta. Kuma bai bar likita don ya warke ba. Ta gaya masa zama na gaba za su kai ga ranar kanta, zai ambaci sunan abokinsa Abdul-Mumuni da bai fito ba. Shekara goma sha biyu bai furta sunan ba, sai ranar, a falonmu. Ya ce, “Rubuta.”

Na rubuta. Na yi kuka har tawada ta baje, sai da Zion ya sake buga mana shafin. Na roƙi Soja gafarar tona masa asiri, ya ce asirin da ya kusa mayar da shi ƙofar kanti gara a tona shi.

An aika ranar Litinin. Ki taya mu addu'a.

Badariyya


Edmonton
17 ga Yuni

Yayata, Yayata, Yayata!

Sallama, gaisuwa, yaya gida, yaya yara!

Ba su yanke ba! A watan jiya sun kira shi a waya, kusan awa guda, shi da kansa ya amsa, littafina a kan gwiwarsa. Sau biyu na ɗauka zai kashe wayar, sai ya ci gaba. Yau da safe takarda ta iso. Benefit yana nan yadda yake har shekara uku. Babu gadi, Yaya!

Na yi guɗa irin ta Umma, na riƙe takardar sama ina juyi a falo har tsohuwar da ke ƙasanmu ta bugo silin da sandar tsintsiya. Soja ya jingina da bango yana dariya har da riƙe ciki, wai duk Landan matarsa ce kaɗai ke rawa don hukuma ta tabbatar mijinta ba shi da lafiya. Na kira Anti Fusena, ta ce, “Amarya, ka yi ƙoƙari,” daga bakinta kuwa wannan lambar girma ce.

Ga wanda ya fi. Takarda ta riga ta zo, babu wanda zai tambaye shi likita sai bayan shekara uku. Amma bayan azahar na ji shi a ɗaki yana waya da asibitin. Tunda ya fita sai ya sake bin layi, sun ce sai wajen Satumba. Da ya fito ya kasa haɗa ido da ni, ya ce ba ya alƙawarin zai iya kaiwa ƙarshe. Ya ce in raka shi, ba ciki ba, bencin waje kawai, don in ya fito ya ga fuskar da ya sani.

Na ce masa ko shekara za a yi, bencin nan nawa ne.

Ki sumbatar mini Affan, ki ce wa Umma surukinta yana gaishe ta.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Badariyya