Jallabiyar da Ta Fi Ƙarfin Zailani

Asabar, 1 ga Nuwamba, 1997
Ƙanena Zailani ya dawo daga khidima, aikin sojan dole, alhamdu lillahi. Bai ko wanke ƙafa ba Iya ta zaro jallabiyar da ta ɗinka masa da hannu tun ranar da aka kwashe shi a mota a Kasuwar Libiya ta nan garin. Ya saka. Wayyo Allah! Kamar an rataye ta a ƙusa. Hannu ya ɓace, wuya ya zame har kafaɗa.

Na ce, Iya, da wa kika gwada? Wai da Kawu Labaran. Mahauci! Mutumin da sai ya karkata yake shiga ƙofarmu. Hujjarta: duk sojan da take gani a talabijin da tumbinsa, ta ɗauka gwamnati kiwata su take yi.

Kowa ya yi dariya ban da Zailani.

Litinin, 3 ga Nuwamba
Almakashina ya ɓata. Ni da nake ci da keken ɗinki! Jiya kawai na ce zan rage rigar kafin bikin ɗan Kawu, yau babu almakashi. Iya tana ta jan carbi tana kallon sama.

Daga baya ta ce: "Barira, ba rigar za a rage ba, yaron za a cika. In kika yanke, kin yarda haka zai zauna ke nan."

Haka kawai. Wa ya taɓa gyara mutum don ya dace da riga?

Alhamis, 6 ga Nuwamba
An fara ɗura. Tuwon asida da sassafe, waken ful yana iyo cikin man riɗi, soyayyar zalabiya da shayi. Kwano yana fitowa tas daga ɗakinsa, Iya har da guɗa.

Lahadi, 9 ga Nuwamba
Kyanwar gidan nan ta kasa haye katanga yau. Na tsaya na dube ta da kyau. Ashe ita ake cikawa.

Ban gaya wa Iya ba. Zailani ba ya ci, ba ya magana, in babbar mota ta wuce sai ya miƙe zumbur. Wannan yaron da a da sai an roƙe shi ya yi shiru. Tsoro nake ji, wallahi.

Talata, 11 ga Nuwamba
Maƙwabciyarmu Khadiga ta ce a dafa rigar a ruwan zafi, za ta tsuke. Mun dafa ta kamar ganda. Ba ta tsuke ba, sai dai yanzu tana ƙamshin miyar kuɓewa, don tukunyar Khadiga ce.

Alhamis, 13 ga Nuwamba
Gobe biki. Iya ta tafi unguwar Soba dubiya, na samu sarari. Tunda babu almakashi, na kalmashe yadin ta ciki, kusan taki guda kowane gefe, na bi da manyan ɗinki. A nan na ga aikin Iya da kyau: ɗinki ƙanana, a jere, wani wurin ya karkace inda ido ya gaza. Ashe kullum da abin da take zama ke nan a tsakar gida. Na ɗan daɗe riƙe da shi.

Wajen gwaji na soke shi da allura. Ya ce, "Yaya, a hankali mana." Kalma huɗu! Saura kaɗan in sake soka masa.

Juma'a, 14 ga Nuwamba
Iya ta gan shi cikin riga daidai jikinsa, ta ce, "Kin gani? Asida!" Na ce, ƙwarai.

A wurin biki Kawu Labaran ya jawo shi fili, dole sai ya ɗaga hannu ya kaɗa wa ango yatsa, yadda ake taya murna a nan. Yana ɗagawa sai ɓarrr, zaren gefen dama ya tsinke. Gefe ɗaya Zailani, gefe ɗaya Kawu! Yadi ya zubo har ƙasa, iska ta shiga ta kumbura shi. Na nemi ƙasa ta tsage in shige.

Kawu ya leƙa ya ce, "Ya zol, bawan Allah, akwai wuri? In shigo?"

Sai Zailani ya fashe da dariya. Irin tasa ta da, mai kama da kukan jaki, har ya durƙusa yana hawaye. Ni ma hawayen nake, ban san na mene ne ba. Da aka kawo tire na ga hannunsa a cikin nama.

Iya ta matso. Ta shafa inda na kalmashe, ta harare ni, ta gyara mayafi.

Juma'a, 21 ga Nuwamba
Na mayar da ɗinkin, da zare biyu wannan karon. Ya fara bin abokinsa Ado gareji a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu. Har yanzu yana zabura in mota ta wuce, amma yana komawa ya zauna.

Juma'a, 5 ga Disamba
Kafin masallaci ya zo wai hammata tana matse shi. Na saki yatsa ɗaya kowane gefe. Wanki ne ya sa, ina jin.

Na tsinci almakashina a kan keke da safe, an ma wasa shi. Na jefa shi can ƙasan akwati, ba ni da abin yankawa yau. Akwai sauran yadi da yawa a cikin rigar.

Kyanwa ta haye katanga.