Makullin da Baba Ya Bari

Yaya Rahila,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina gajiya, ina aiki? Yaya maigidanki da yara, ya ciwon ƙafar taki? Mu nan Maraɗi lafiya, sai gajiya, don tun da muka binne Baba masu ta'aziyya ba su yanke ba.

Ran Lahadi mun je sujada Tibiri, muka tarar da jama'a tsaye cikin rana, majami'a a kulle. Tun muna yara Baba ke buɗewa, ya share, ya jera bencina, shi ya sa ba wanda ya tuna da makulli. Na hau kabu-kabu na koma gida, na sami makullin a aljihun farar rigarsa.

Da aka tashi, fasto ya ce, "Ishaku, riƙe shi, kai za ka gaji hidimar."

Na ce ya ba ni lokaci. Yaya, ba ni da ƙarfin Baba. Shi daga gonar Jiratawa yake zarcewa gaida marasa lafiya, ni kuwa shago kaɗai ya ishe ni. Amma na kasa miƙa wa kowa makullin.

Ki sa ni cikin addu'a kafin Lahadi. Inna tana gaishe ki. Ki gaida mutanen gida duka.

Ƙanenki,
Ishaku