Jikokin Mangwaro

Asabar, 9 ga Maris
Na samo shi! Namijin ɗan mitsitsin kifin nan da ake kira miliyan, rawaya tun daga kai har wutsiya. Sai da na yi wa Mista Alleyne na bayan coci naci wata biyu kafin ya ba ni. Na sa masa suna Mangwaro, na haɗa shi da macen nan mai ruwan toka da na ware tun tana ƙarama. Ƙanwata Hyacinth ta leƙa ta ce, "Yaya, kifin da ya cika kwatamin garin nan namu na Arima kike wa wannan rawar kai?" Ita ta sani.

Asabar, 6 ga Afrilu
Ta haihu, ashirin da uku. Na kasa cin abinci. Amma duk ruwan toka ne. Ƙila sai sun girma.

Laraba, 8 ga Mayu
Sun girma, ko ɗaya bai yi rawaya ba. Kuma yau na tarar da Mangwaro a kife, ya mutu. Raina ya ɓaci. Na tare Mista Alleyne a wurin mai sayar da doubles, soyayyen burodin nan mai wake, gaban mutane, na ce rinannen kifi ya ba ni. Bai ɗaga murya ba. Ya goge yatsunsa ya ce, "Madam Merle, launin yana jikinsu, ɓuya ya yi. Na uwar ne ya danne shi. Ki haɗa 'ya'yan da juna, ki jira jikoki." Na ce ya gaya wa wata.

Alhamis, 9 ga Mayu
Na juye 'ya'yan a bokiti, na kai shi har bakin kwata. Na dawo da shi.

Asabar, 15 ga Yuni
Na haɗa su. Ba don maganarsa ba.

Lahadi, 14 ga Yuli
Ko coci ban je ba! Mace ɗaya ta haihu da safe, na durƙusa gaban tanki da tabarau biyu a hanci. Goma sha tara. Biyar farare sol kamar ƙwayar shinkafa, in rana ta haska su sai ka ga rawaya. Na ƙirga sau huɗu. Na kira Hyacinth ina haki, ta ɗauka mutuwa aka yi. Da ta ji sai ta ce, "To, sai ki wanke bakin nan ki je bayan coci."

Talata, 16 ga Yuli
Na je, da biyu daga cikin biyar ɗin a kwalba da gorar zoɓo. Na shirya magana tun daga gida, a ƙofarsa duk ta gudu. Ya ɗaga kwalbar ya daɗe yana kallo. "Rinin nawa ya kama har jikoki ke nan?" Na ce ya isa haka. Ya yi dariya har da tari. Ashe nasa duk sun mutu da ruwa ya ci gidansa a Yuni, bai gaya wa kowa ba. Na bar masa biyun.

Asabar, 27 ga Yuli
Ukun da suka rage min maza ne, ina jin. Mista Alleyne ya ce sai an ƙara sati biyu a tabbatar. Ya zo duba su Laraba, da jiya, zai dawo gobe. Hyacinth ta tambayi dalilin da na sake labulen falo. Tsohon ya koɗe ne kawai.