Tambaya ta Bakwai

Laraba da dare, Gusau

Kwangilar dafa wa ma'aikatan titin Bungudu abinci ta kusa zama tawa, sai ga fom ɗin tantancewa. Tambaya ta bakwai: an taɓa yanke miki hukunci a kotu? Gida biyu, E ko A'a, kowanne bai kai farcena ba.

A ina zan rubuta cewa burodi ne? Lokacin da aka hana kai kayan abinci ƙauyuka, na ɗauki buhu biyu zuwa sunan jikar yayata a 'Yankuzo. Aka tare ni a Tsafe, wai 'yan bindiga nake ciyarwa. Kawu Sani ya raɗa mini a bakin kotu: "Ki amsa laihi, ɗiyata, a ci ki tara mu tahi gida. Mace mai mutunci ba ta jayayya da alƙali." Ni da na shekara ashirin ina karantar da adabi, na sunkuyar da kai na amsa.

Yau da na fara yi wa jami'in tantancewar wannan bayani, sai ya ce, "Hajiya, ni takarda nake karantawa, ba labari ba."

Ɗazu na kira Kawu. Dariya ma ya yi: "To rubuta A'a mana, wa za ya bincika?" Tun Litinin masu tantancewar suka ɗauki hoton yatsuna, Kawu!

In na ce E, aiki ya tafi. In na ce A'a, ranar ce zan fara aikata laifi na gaske. Gobe ake rufe karɓa, matan da na yi wa alkawarin aiki kuwa har sun wanke tukwane.