Yayen 'Ya'yan Kifi a Ɗakin Inna

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaiki wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ɗa yake durƙusawa ya yi wa mahaifiyarsa, ina fata kina cikin rahamar Ubangiji da yalwar makwanci. Na san babu ɗan aiken da zai kai miki takardar nan. Ko da kina raye ma sai dai in zauna in karanta miki. Amma bakina ya cika da magana, kuma ke kaɗai za ki ji ta ba ki yi mini dariya ba.

Inna, kifayen nan sun sake ƙyanƙyasa. Yau kwana ashirin da shida. 'Ya'yan sun isa yaye, sun ma wuce, har sun fara cinye fatar uwarsu. Ƙaramin akwatin gilashin da ake yaye su a ciki kuwa yana ɗakinki, ɗakin da na kulle tun ranar sadakar arba'in ban sake leƙawa ba. Makullin yana aljihuna yanzu haka.

Kin tuna ranar da suka shigo gidan nan? Baturen injiniyan da na yi wa aiki a Kadawa, lokacin da ake gyaran magudanan ruwa, zai koma ƙasarsu. Ya ba kuku rediyo, ya ba direba keke, ni kuma ya haɗa ni da akwatin gilashi da kifi biyu. Ya ce sunansu diskas. Kika sunkuya kika dube su, kika ce, "Wannan ai faifai ne aka sa wa ido." Da na gaya miki ba a cinsu, kallo kawai ake yi, sai kika tafa hannu kika ce, "To madalla, mun samu baƙin da ba sa noma."

Amma ke ce kika fara ba su randunanki biyu. Ruwan kwata yana wucewa ta bayan gidanmu dare da rana, sai dai ya sha taki da maganin feshi. Na rijiyarmu kuma zartsi. Ruwan sama kaɗai suke so, masu tsirfa! Duk damina kina tara musu, kina rufewa da faifai, ko jikokinki ba sa taɓawa. Da sanyi ya shigo kina ɗumama ruwa a tukunya, ki gwada da gwiwar hannu kamar za ki yi wa jariri wanka, sannan ki zuba musu kaɗan-kaɗan.

Har yau ina jin kunyar abin da na yi a ƙyanƙyasar farko.

Na dawo daga gona na tarar iyayen sun yi baƙi ƙirin, 'ya'yan kuma, ƙanana kamar tsabar gero, sun yanyame su suna tsattsagar jikinsu. Hankalina ya tashi. Ni da na girma ina kama tarwaɗa a kwata, abin da na sani shi ne babban kifi yana haɗiye ƙarami. Na ce ko dai iyayen su cinye 'ya'yan, ko 'ya'yan su kashe iyayen. Na ɗauko ƙoƙo na kwashe su tas, na zuba a kwano, na barbaɗa musu dusa kamar 'yan tsaki. Kina zaune a kan tabarma kina cewa, "Auta, nono suke sha fa. Ka cire su daga nono." Na ce haba Inna, kifi da nono? Ni mai takardar makaranta!

Kwana biyu, babu ko ɗaya da ya rage. Kika ɗauki kwanon kika wanke, kika kife shi. Wallahi da zagina kika yi da ya fi mini sauƙi.

A ta biyu na kama bakina na bar miki. Ke kika gano wani yauƙi ne yake fita a fatar iyayen, shi 'ya'yan suke lasa. Ke kika nuna mini yadda uwar take girgiza jiki idan ta gaji, su watse gaba ɗaya su koma kan uban. Kika ce, "Ka ga namijin kirki. Ku ko goyo ba ku iya ba."

Da aka yi sati uku kika lura gefen uwar ya fara ɗayewa, tana guje musu. Kika ce yaye ya yi, kuma a garin nan ba a yaye yaro a gaban uwarsa, ɗakin kaka ake kai shi. Haka aka kai miki 'ya'yan Yaya, haka aka kai miki nawa, haka kuma na sa mai gilashi a Kano ya haɗa mana ƙaramin akwati, na ɗora shi kusa da gadonki.

Bayan kowace salla kike ba su abinci, shi ya sa ba ki taɓa mantawa ba. Da fari gwaiduwar ƙwai dafaffe, ki murje ta a ƙyalle. Sai jajayen ƙwarin nan masu tsalle-tsalle a ruwan shinkafa, da kike aikena in tato miki da rariya daga gonar da ba a yi wa feshi ba. Da suka kai girman sule kika koma ba su zuciyar saniya. Mahaucin kasuwar Kura ya gaji da mamaki, tsohuwa tana neman zuciya ba don miya ba. Ki cire kitse, ki cire jijiya, ki kankare da wuƙa har ta yi laushi. Kullum da hantsi ni kuma in zuƙe ƙazantar ƙasa da tiyo, in ƙara sabon ruwa. Sha ɗaya suka rayu a hannunki.

To yanzu ga ni, Inna.

Uwar ta daina cin abinci tun shekaranjiya. Ta raɓe a lungu bayan dutse, gefenta ya yi fari fat kamar an goga mata dutsen wanka, su kuwa ba su san tausayi ba, binta suke yi. Uban ma ya fara ramewa. Ina gani. Kullum ina gani, in ce gobe.

Zama ya gagare ni. In tafi gona, in ji kamar na bar wani abu a wuta, in dawo gida, in tsaya a ƙofar ɗakinki, in juya. Jiya na sakar wa tumatir ruwa na manta ban toshe ba, sai da ya malale ya shiga albasar Malam Iro maƙwabcina. Dattijon ko faɗa bai yi ba, ya dube ni kawai ya ce Allah ya ba ni haƙuri. Binta matata ta gaji da safa da marwata a tsakar gida. Ta ce, "Malam, ko ka buɗe ɗakin nan, ko ka ba ni makullin." Na daka mata tsawa a kan abin da ba laifinta ba.

Na yi ta kawo wa kaina dalili. Na ce ban san yawan gwaiduwar da kike ɗiba ba, kuma gaskiya ne, ban taɓa tambayarki ba, in ta yi yawa ruwa ya ɓaci su mutu. Na ce bari in gwada daro, alhali na san randunan ma suna cikin ɗakin. Ƙarya nake yi wa kaina. Tsoro nake ji in tura ƙofar nan in ga gadonki babu kowa.

Inna, na ajiye alƙalami a nan, an kira la'asar. Yanzu na dawo.

Na buɗe. Da na idar da salla na leƙa akwatin, na ga uwar ta karkace gefe ɗaya, sai kawai na ga hannuna a kan kwaɗon ƙofarki. Ɗakin yana nan yadda kika bar shi. Ban dubi gadon ba sai da na gama wanke ƙaramin akwatin, na cika shi daga randarki, Binta ta ɗumama ruwa. Na kwaso 'ya'yan da ƙoƙo, su ashirin da uku. Na murza gwaiduwa, na ɗebi abin da zuciyata ta ba ni. Suka yi cirko-cirko, suna zagaye suna neman jikin da za su raɓa. Can sai ɗaya ya cafka, sai na biyu, sai sauran suka rufa. Uku ne har yanzu suka ƙi, ban san yadda za su wayi gari ba. Uwar ta fito daga bayan dutse, amma ba ta ci ba tukuna.

Sannan na zauna a bakin gadonki na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Su kwana ashirin da shida aka cire su daga jikin uwa, kuma ga shi kafin magariba sun karɓi abinci. Ni shekarata talatin da huɗu, Inna, an yaye ni babu shiri, babu ɗakin da za a kai ni, kuma har yau abinci bai yi mini daɗi ba. Ina kewarki ƙwarai.

Allah ya jiƙanki, ya gafarta miki, ya sa kabarinki ya zama dausayin Aljanna. Yadda kika ciyar da duk mai rai da ya shigo gidan nan, Allah ya shayar da ke daga tafkin Alkausara. Ya ba ni hannu irin naki, ko da rabinsa ne. Ki yafe mini gardamar da na yi miki. Amin.

Ni ne ɗanki da bai gama girma ba,
Auta