Fuskar Tagulla da ke Ɗakin Sama

Iskandariyya

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Gidan Tarihi, da manyan da ke zama tare da shi.

Bayan gaisuwa irin ta ƙarami ga manyansa, da tambayar lafiyarku da ta iyalanku, ina sanar da ku cewa ni ne Shahata Abdulbaƙi, wanda ya yi wa marigayi Ustaz Munir Wahba mai zane hidima har ƙarshen ransa. Wannan rubutu da hannuna na yi shi, domin bana na kammala ajin yaƙi da jahilci, kuma malaminmu ya yaba mini a bainar jama'a.

Ustaz ya cika da hantsi, muka binne shi kafin la'asar. Wakilinku Rif'at Afandi bai iso da mai ɗaukar siffar fuskar mamaci ba sai washegari, ana zaman makoki. Rif'at Afandi ya ƙare mini kallo ya ce, "Kai, ai hancinku ɗaya da maigidanka! Kwanta, malam." Aka aske gashin bakin da na daɗe ina tattali, aka zura mini kara a hanci don numfashi, aka lulluɓe fuskata da farin kwaɓi. Wakilin naku ya rantse cewa in an zuba fuskar da tagulla, za a rubuta sunana tare da na Ustaz.

Tun daga nan, kowace ƙaramar salla nakan kawo iyalina ɗakinku na sama, in nuna ɗan allon da ke ƙarƙashin fuskar in ce ga sunana nan. Matata Nabawiyya ta rasu tana gaskata haka. 'Ya'yana da suka yi makaranta kuwa sukan sunkuyar da kai, ni ina zaton ladabi ne.

Makon jiya na zo ni kaɗai na karanta da kaina, baƙi bayan baƙi. Sunan Ustaz ne kawai, sai bayanin cewa wannan goshi yana nuna basirarsa. Ranka ya daɗe, goshina ne. Tabon da ke gefensa ma ƙofar ɗakin zane ce ta yi mini. Na miƙa hannu in nuna, sai mai gadinku ya doke shi ya ce, "Baba tsoho, janye hannunka! Fuskar manya ce, ba kwanon waken gidanku ba." Ɗaliban da suka zo kallo suka yi ta dariya.

Ba sadaka nake roƙo ba. Ku rubuta sunana, ko ku ba ni fuskata in tafi da ita gida.

Ku huta lafiya.
Baranku,
Shahata Abdulbaƙi

Shaiduna su ne Girgis wanzami da ya yi askin, Usta Hamama mai zubin tagulla, Sitt Ihsan matar marigayi, da shi Rif'at Afandi. Dukansu ƙasa ta rufe musu ido. Ku zo ku gwada fuskar a kaina tun ban bi su ba.